Yadda 'Yan Kasuwa Biyu Suka Durƙusar da Iron Man

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda datarsu ba za ta ɗauki murya ba, da waɗanda suka fi son karatu cikin dare idan gari ya yi sanyi.

Abin da ya jawo maganar yau gardama ce aka yi a wata majalisar mai shayi a Mabera. Ana musu kan wane ne babban maƙiyin Iron Man, kusan kowa ya ce Thanos. Sai wani ya buga benci ya ce, "Ku mi kuka sani? Wanda yac ci mutuncin Tony Stark ko takobi bai riƙa ba." Aka yi masa dariya. To amma wallahi gaskiya ya faɗa. A littattafan da aka ciro fina-finan nan daga cikinsu, mutum biyu ne suka fi kowa wahalar da Tony Stark, kuma dukkansu 'yan kasuwa ne masu sa kwat da zama ofis: Justin Hammer da Obadiah Stane. Yau labarinsu za mu warware, mu ga yadda aka yi zagon ƙasan, da abin da ya sa ya ci.

Gargaɗi tun da wuri: zan faɗi ƙarshen labaran. Wanda yake shirin karantawa da kansa, ya sani.

TUSHEN MAGANAR

Da yawanmu a fim muka san Iron Man, wato fim ɗin 2008 wanda Robert Downey Jr. ya fito a ciki. Amma labarin ya girmi fim ɗin da shekara 45. Ya fara fitowa ne a watan Maris na 1963, a wata mujallar labari cikin zane ta kamfanin Marvel mai suna Tales of Suspense, fitowa ta 39. Irin waɗannan mujallu su ake kira komik: zane ne jere-jere, maganar kowane mutum a rubuce kusa da bakinsa, wata-wata ake fitar da ci gaban labarin. Mutum huɗu ne suka haɗu a kansa: Stan Lee, da ƙaninsa Larry Lieber, da masu zane Don Heck da Jack Kirby.

Tony Stark attajiri ne, injiniya, mai kamfanin ƙera makamai. A labarin asali a Biyetnam bam ya tashi da shi, ba a Afganistan ba kamar yadda fim ya nuna. Ɓurɓushin ƙarfe ya maƙale kusa da zuciyarsa, aka kama shi, aka ce ya ƙera makami. Shi da wani dattijon masani da aka tsare su tare, Ho Yinsen, suka ƙera rigar ƙarfe wadda za ta riƙe masa zuciya, ta kuma fitar da shi daga hannun waɗanda suka kama shi. Rigar farko toka-toka ce, ƙatuwa kamar tukunyar gas. Kafin shekarar ta ƙare aka mayar da ita ja da ruwan zinari ɗin nan da muka sani.

Ga abu ɗaya da dole ku riƙe, in ba haka ba sauran labarin ba zai zauna muku ba. A fim, Tony ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce shi ne Iron Man. A komik kuwa shekaru da yawa yana ɓoyewa. Abin da duniya ta sani shi ne Iron Man ma'aikaci ne, mai tsaron lafiyar Tony Stark, kuma tambarin kamfanin Stark International. Kun ga ke nan duk abin da Iron Man ya yi, sunan kamfanin ne a kai. In ya ceci mutane, kamfani ya samu kwangila. In ya yi ɓarna, kamfani ne zai biya. Ta wannan ƙofar Hammer ya shigo.

RIGAR DA TA DAINA JIN MAGANAR MAI ITA

A 1979 marubuta biyu, David Michelinie da Bob Layton, tare da mai zane John Romita Jr., suka yi wani labari mai fitowa tara, daga ta 120 zuwa ta 128 a mujallar Iron Man. Daga baya aka san shi da suna Demon in a Bottle, wato shaiɗanin cikin kwalba. Za ku ji dalilin sunan nan gaba.

Labarin ya fara da 'yan ƙananan abubuwa. Iron Man yana faɗa a ƙarƙashin teku, sai ƙofofin ido da na baki na kwalkwalinsa suka buɗe da kansu, ruwa ya fara shiga, saura kaɗan ya nutse. Wata rana kuma yana cikin tafiya a sama, sai injin ƙafafunsa ya ƙwace, ya yi ta wulwula shi har ya faɗo. Ya koma ɗakin gwaji, ya bincike rigar ciki da waje, bai ga komai ba. Komai lafiya lau.

Duk wanda ya taɓa kai waya wurin mai gyara ya san wannan ciwon kan. A gida tana ɗaukewa, kana zuwa gaban mai gyara sai ta yi tsit kamar ba ita ba. Bambancin kawai, ita wannan rigar makami ce, kuma matsalar ba a cikinta take ba. Wani ne daga nesa yake gwada rimot ɗinsa.

Wanda yake riƙe da rimot ɗin shi ne Justin Hammer, wani dattijo ɗan Ingila, siriri, mai furfura, mai magana a hankali. Bob Layton ya ce kamannin ɗan wasan Ingila Peter Cushing ya ɗauka ya zana shi. Ku manta da Hammer na fim ɗin Iron Man 2 na 2010, wanda Sam Rockwell ya fito a matsayinsa, mai surutu da rawa a kan dandamali, wanda makamansa ba sa tashi. Na komik ba abin dariya ba ne. Yana da kamfanoni a ƙasashe, kuma yana da wata sana'a ta ɓoye: yana ba manyan 'yan ta'adda jari. Ya gyara maka makaminka, ya fitar da kai daga kurkuku, kai kuma ka riƙa ba shi rabin abin da ka samo, kuma duk ranar da ya kira ka aiki dole ka zo. Kamar mai ba da babur haya ne, sai dai nasa balas ɗin rabi ne cur.

To me Stark ya yi masa? Kwangila. Wata ƙasa da marubutan suka ƙirƙira, Carnelia, tana da babban aiki da za ta bayar. Hammer ya nema, Stark ya nema, aka ba Stark. Wani ɓangare na dalilin shi ne jakadan ƙasar, Sergei Kotznin, masoyin Iron Man ne na gaske. Har ya roƙi a kawo masa Iron Man wurin bikin sa hannu a Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York.

Ranar biki, ga 'yan jarida, ga kyamarori. Aka ce a tsaya a ɗauki hoto. Iron Man ya ɗora hannunsa a bayan jakada, irin na abota. A tafin hannun nan akwai makamin da yake harbi da shi. Hammer ya danna. Makamin ya tashi, ya huda jakada, ya faɗi matacce a gaban idon duniya.

Ku tsaya ku duba lissafin mutumin nan. Da yana so ya kashe Iron Man, ai da ya bar ƙofofin kwalkwalin a buɗe tun a cikin teku. Bai yi ba, don mataccen jarumi tausayi yake jawowa, kuma tausayi ba ya soke kwangila. Abin da yake so a ce shi ne kayan Stark ba abin yarda ba ne, mai tsaron Stark mahaukaci ne. Ya zaɓi mutumin da ya fi kowa son Iron Man, ya zaɓi wurin da ya fi ko'ina kyamara. Bahaushe ya ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, to shi Hammer shaidun ido ya tara. Wa zai yarda da kai in ka ce hannunka ne ya yi harbi amma ba kai ba ne?

TONY BA RIGA

Hukuma ta karɓe rigar don bincike. Iron Man ya sauka daga shugabancin Avengers. Tony ya rage daga shi sai jikinsa, kuma a nan labarin ya yi daɗi, don an tilasta masa ya nuna ko akwai mutum a cikin ƙarfen.

Ya je wurin Captain America ya ce a koya masa faɗa da hannu. Ya tura Scott Lang, wato Ant-Man, ya ƙanƙance ya shiga kurkuku wurin wani ɗan ta'adda mai suna Whiplash, wanda aka kama bayan sun kai hari gidan caca a Atlantic City shi da Melter da Blizzard. Daga bakin Whiplash aka samo bayani kan Hammer. Tony da abokinsa matuƙin jirgi James Rhodes, wanda muka sani da Rhodey, suka bi sawu har Monako. Can aka kama Tony.

Ya farka a wani katafaren gida mai lambu. Ya samu ya tsallake katanga zai gudu, sai ya ga ruwa ta ko'ina. Ashe gidan gaba ɗaya a kan teku yake yawo, a wajen iyakar kowace ƙasa, inda 'yan sandan kowa ba su da hurumi. Hammer ya zaunar da shi ya yi masa bayani dalla-dalla, don bai san cewa Iron Man ɗin da kansa yake yi wa bayani ba. A ganinsa ya kama maigida ne, yaron gidan yana can ba riga.

Tony ya kuɓuce, ya farfasa na'urar da ake juya rigar da ita, ya ɗauko wata rigar da ke cikin jakarsa, ya bi tawagar 'yan ta'addan Hammer ɗaya bayan ɗaya. Gidan ya nutse, Hammer ya tsere, aka wanke Iron Man daga laifin kisa.

A fim, a nan za a sa kiɗa a rubuta sunaye. A komik saura fitowa guda, kuma ita ce ta ba labarin sunansa.

KWALBAR

An wanke shi a takarda, amma mutanen gari ba su manta hoton da suka gani ba. Ana ganinsa a titi ana ja da baya. Kun san yadda abin yake: labarin zargi ya zaga gari da gudu, labarin wankewa kuma da ƙafa yake tafiya.

Tun farkon labarin marubutan suna ta nuna Tony da kofi a hannu, a jirgi, a ofis, a gidan biki, ba tare da sun ce komai ba. Yanzu abin ya fito fili. Ga kisan jakada a zuciyarsa. Ga kuma wata rigimar: hukumar leƙen asiri ta SHIELD, ƙarƙashin Nick Fury, tana ta sayen hannun jarin kamfaninsa a ɓoye, don Tony ya daina ƙera makamai, su kuma suna so su mallaki kamfanin su mayar da shi ga tsohuwar sana'a. Tony ya dulmiya cikin giya.

Cikin maye ya daka wa Jarvis tsawa. A fim Jarvis murya ce ta kwamfuta, amma a komik mutum ne, Edwin Jarvis, dattijon hadimi da ya yi wa gidan Stark hidima tun zamanin mahaifin Tony. Washegari dattijo ya ajiye aiki. Cikin maye kuma ya sa rigar ya je taimako inda tankar jirgin ƙasa mai ɗauke da iskar gas mai guba ta yi hatsari, ya ƙara ɓata lamarin, har ma'aikatan wurin suka kore shi. Ku lura, wannan karon ba wanda ya danna rimot. Shi da kansa ya yi wa rigar abin da Hammer ya yi mata.

Wadda ta tsaya masa ita ce Bethany Cabe, budurwarsa, wadda ita ma aikin tsaron lafiya take yi. Ta gaya masa cewa ta taɓa aure, mijin ya kamu da shan ƙwaya, ta tafi ta bar shi, daga baya aka kawo mata labarin mutuwarsa, kuma ba za ta sake barin wani haka ba. Ta zauna da shi kwana da kwanaki yana rawar jiki har abin ya sake shi.

Ya je ya ba Jarvis haƙuri, sai ya tarar da wata sabuwa. Mahaifiyar Jarvis ba lafiya, dattijon ya rasa kuɗi, ya jinginar da hannun jari guda biyu da yake da su a kamfanin Stark. Guda biyu kacal. Ashe su ne suka riƙe rinjayen. Suka faɗa hannun SHIELD. Abin da Hammer bai samu da na'urarsa da 'yan ta'addansa ba, tsawa ɗaya da aka yi wa tsohon ma'aikaci ta jawo shi. Tony ya koma ofis, ya ɗauki kwalba, ya daɗe yana kallonta, ya mayar da murfin ya ajiye. A nan labarin ya tsaya. Rigimar hannun jarin a fitowa ta gaba aka warware ta.

STANE, MAI WASAN DARA

Hammer ta riga ya shiga. Na biyun ta mutumin ya shiga kai tsaye.

A 1982, a fitowa ta 163, marubuci Dennis O'Neil da mai zane Luke McDonnell suka kawo Obadiah Stane. Shi O'Neil bai ɓoye ba cewa shi kansa ya yi fama da giya a rayuwarsa, kuma ana jin haka a rubutun. Yana ganin ba a rabuwa da wannan ciwo cikin fitowa ɗaya.

A fim ɗin 2008, Stane, wanda Jeff Bridges ya fito a matsayinsa, abokin mahaifin Tony ne da ke cikin kamfanin. A komik bare ne, mai nasa kamfanin makamai, gwanin ces, wato darar Turawa. Tun yana yaro aka nuna halinsa: an haɗa shi gasa da wani yaro da ya kai shi iyawa, sai ya kashe karen yaron don hankalinsa ya rabu biyu, ya cinye wasan. Haka yake kasuwanci. Ba ya neman ya fi ka, yana neman inda ke maka ciwo.

Ya tura mayaƙansa masu shigar 'ya'yan ces suka yi ta kai hari, Tony ya rasa barci. Ya haɗa kai da wasu 'yan kasuwa aka riƙa toshe wa Stark kwangiloli. Ya bi basussukan kamfanin ya saye. Sannan ya turo wata mace, Indries Moomji, Tony ya kamu da sonta, a daidai ranar da komai ya cakuɗe masa ta yi masa wulaƙanci ta tafi. Stane ya san tarihin kwalbar. Duk wannan turi da ake yi, wurinta ake tura shi. Ya kuwa koma.

Wannan karon faɗuwar ta yi nisa. A 1983 Tony ya kasa sa rigar saboda maye, Rhodey ya ɗauka ya zama Iron Man, kuma shi ya riƙe ta kusan shekara biyu a mujallar. Baƙar fata ne a cikin rigar duk tsawon lokacin nan, tun kafin a san wani War Machine. Stane ya karɓe kamfanin, ya sauke allon suna ya kafa Stane International, aka rufe wa Tony asusunsa. Attajirin nan ya koma kwana a titin New York.

Abin da ya dawo da shi yana fitowa ta 182. Dare ne na ƙanƙara mai tsanani, wata mata marar gida da suka saba, Gretl, ta haihu a titi ta rasu. Tony ya sa jaririn cikin rigarsa ya rungume shi har gari ya waye. Aka same su da rai. Daga asibiti ya fara sabuwar rayuwa, ya koma Kalifoniya, shi da Rhodey da wasu 'yan'uwa biyu, Morley da Clytemnestra Erwin, suka buɗe ɗan ƙaramin kamfani mai suna Circuits Maximus.

Stane bai ƙyale shi ba. Ya aika bam, Morley ya mutu. A fitowa ta 200, ta watan Nuwamba 1985, Tony ya sa sabuwar riga ja da ruwan azurfa ya tunkare shi. Shi kuma Stane ya fito da Iron Monger, ƙatuwar rigar da injiniyoyinsa suka haɗa daga wani littafin rubutun Tony da aka bari a kamfanin. Ga inda reshe ya juye da mujiya: Stane bai iya riga ba, kwamfuta ce daga wani gini take taya shi sarrafa ta. Tony ya gane, ya rusa ginin, rigar ta tsaya cak. Da ya ga an cinye shi, Stane ya hallaka kansa, don bai yarda a gan shi a ƙasa ba. Ya kwafi ƙarfen, amma ilimin yana kan mai shi.

HAMMER YA DAWO TA BAYAN GIDA

A taƙaice zan faɗi na ukun, don ya cancanci shiri nasa. Daga ƙarshen 1987 zuwa 1988, fitowa ta 225 zuwa 232, aka yi Armor Wars, yaƙin rigunan ƙarfe. Tony ya buɗe rigar wani tsohon ɗan ta'adda mai suna Force, ya ga fasaharsa ce a ciki. Ashe wani ɓarawon sirrin kamfanoni, Spymaster, ya sace zanen ya sayar wa Hammer, Hammer kuma ya rarraba wa duk mai kuɗi. Tony bai taɓa yi wa fasahar rajistar mallaka ba, don yin rajista yana nufin bayyana yadda take aiki. Da ya nufi shari'a, bai samu abin kamawa ba.

Sai ya ɗauki doka a hannunsa, yana bin duk mai riga yana kashe ta, har da na gwamnatin Amurka da na SHIELD. Ya daki Stingray wanda ashe ba fasaharsa yake amfani da ita ba. Ya yi faɗa da Steve Rogers, mutumin da ya koya masa faɗa. A Rasha wani ya mutu a hannunsa. Har ta kai Tony Stark ya fito ya sanar da cewa ya kori Iron Man daga aiki, wato ya kori kansa. Wanda aka zalunta a farko ya wayi gari shi ake gudu.

TO MU INA RUWANMU?

Na san wani zai ce, Malam, duk wannan zane ne na Turawa. To bari mu dawo gida.

Mu nan ba baƙin rigar yaƙi ba ne. Duk wanda ya taɓa kallon hawan Sallah ya ga sulke da kwalkwali da lifidi. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya rasu a nan Sakkwato a 1827, ya ga 'yan lifidin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a fagen yaƙi a 1826, ya kuma rubuta cewa saboda nauyin kayan sai an taimaka wa mahayi kafin ya hau doki. Lifidi yana tare kibiya, amma mai shi yana buƙatar mutanen da za su ɗora shi, in ya faɗo su tashe shi. Haka Tony. Cire Jarvis, da Bethany, da Rhodey, ka ga abin da ya rage.

Batun juya na'ura daga nesa kuwa, a 1979 tatsuniya ce, yau labarai ne. A 2010 aka gano wata cutar kwamfuta mai suna Stuxnet, wadda ta lalata injinan tace yuraniyom a Natanz ta ƙasar Iran. Abin da ya sa ta yi ɓarna shi ne tana lalata injin, tana kuma nuna wa masu lura cewa komai lafiya, daidai abin da ya samu Tony a ɗakin gwaji. A 2015 wasu masu bincike biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, suka shiga kwamfutar wata mota ƙirar Jeep Cherokee ta intanet, wani ɗan jarida yana tuƙa ta bisa yardarsa, suka hana ta tafiya a kan babban titi. Kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara.

Namu na kusa shi ne waya. Wani ya kira ka ya ce za a sa ka a taron ƙungiya, ka karanto masa lamba shida da aka turo maka. Ka karanta, ya ɗauke WhatsApp ɗinka, ya bi 'yan'uwanka da kwastomominka yana neman kuɗi da sunanka da hotonka. Hannunka ne a bayan jakada, wani ne ya danna. Ko ka dawo da layin, sai ka bi mutane ɗaya-ɗaya kana rantsuwa, kuma wasu ba za su sake turo maka kuɗin kaya kafin su gani ba. Don haka duk mai sana'a a waya, mai sayar da yadi ko takalmin fata ko turare, ya shiga saitin WhatsApp yau ɗin nan ya sa lambar sirri ta biyu. Minti biyu ne. Kuma lambar da aka turo maka ta saƙo, ko wa ya tambaya, kada ka bayar.

Sai batun kishiyar sana'a. A kasuwa kowa ya san akwai mai sauke farashi don ya ja kwastoma, wannan gasa ce, halal ɗinsa. Akwai kuma mai zagayawa ya ce kayan wane jabu ne, ko ya saye yaron shagonka ya riƙa kawo masa labarin inda kake sari. Wannan shi ne Hammer. Abin da labarin ya nuna shi ne irin wannan ba ya cin nasara shi kaɗai, sai ya samu ƙofa: yaron da ka wulaƙanta, bashin da ka ɓoye, ko wani hali naka da kake ganin ba wanda ya sani. In bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Na ƙarshe shi ne wanda ya fi nauyi. Mu a nan kwalbar ba lallai ta giya ba ce. A 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda matasa suke shan sa. Duk mun san wani, a unguwa ko a makaranta ko a cikin gida, wanda ya fara da "don in samu barci" ko "don in ji ƙarfin aiki". Tony Stark ya fi kowa ilimi da kuɗi a duniyarsa, kuma sau biyu abin yana kayar da shi. Karo na farko ya tashi don wata ta ƙi tafiya ta bar shi. Karo na biyu ya tashi don an bar masa jariri a hannu, dole ya kai safe. In kana da irin wannan a gida, gori da kora ba su taɓa warkar da kowa ba. A zauna da shi, a kai shi asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware, nan kusa da mu, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Wanda yake son karantawa, ya fara da fitowa ta 120 zuwa 128, an haɗa su a littafi ɗaya. Turancin ba mai wuya ba ne, zanen ma yana taimakawa.

Tambayar mako: tsakanin Hammer da ya juya rigar, da Stane da ya juya mutumin, wanne ya fi mugunta? Kuma a Armor Wars, Tony yana da gaskiya da ya ɗauki doka a hannunsa, ko ya wuce gona da iri? Ku ajiye ra'ayinku a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Mutumin majalisar Mabera kuma, in kana karantawa, ka ci gardama, shayinka na gobe a kaina.

Sai mun sake haɗuwa. Allah ya tsare mu da sharrin mai zagon ƙasa, ya kuma tsare mu da zama shi. Wassalamu alaikum.